Takardar da Taubashina Ya Datse

Atiliyen kawuna, wato shagon aikinsa, yana Zango a garin Zinder, bayan layin masu sayar da tayoyi. A rumfar gaba ake fotokofi da buga takardu, a ɗakin farko ake gyaran ordinata, wato kwamfuta, a ɗakin ciki kuma akwai wani tsohon inji, shi ma ordinata, da muke kira uwa. Ni ɗan ƙanwar kawu ne. Babban ɗansa sa'ana ne, aji ɗaya muka yi a lakwal, tare muka faɗi jarrabawar birebe, tare kuma kawu ya zaunar da mu a kan benci ya fara koya mana aiki. Babu wanda ya fi wani karatu a cikinmu. Bambancin kawai shi ne yana da saurin hannu da zaƙin baki, ni kuma ba na taɓa abu na biyu sai na gama na farko.

Taubashina ne, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Tun muna yara yake kirana bawansa. Ya ɗauke mini hula a masallaci, ya cinye mini tuwo, ya taɓa gaya wa surukaina cewa ina tsoron kaza, kuma duk lokacin da na ɓata rai ni ake yi wa faɗa, don ba a fushi da taubashi. Da muka girma ya ƙara mini wani suna, Malam Da-farko, saboda yadda nake jera magana.

Aikin da ya fi riƙe atiliyen shi ne na sikeli. Ƙungiyoyin manoma na ƙauyukan Damagaram suna da mangaza inda ake ajiye wake da gero bayan kaka. Akwai sikelin lantarki da ake haɗawa da ordinata, buhu ya hau, nauyinsa ya shiga a gaban sunan mai shi. Shirin da ke riƙe sunayen an rubuta shi da harshen Python, sikelin kuwa harshen C kawai yake ji, wanda masu ƙera shi suka bayar. Tsakanin harsunan sai an gina abin da muke kira gada. Mai gina ta shi ne kompilata, wato shirin da ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa. Kompilata ba ya aiki sai ya karanta wasu ƙananan fishiye, wato rubutattun bayanai na cikin inji, da ake kira antet, masu faɗa masa girman kowace irin lamba da sunan kowane aiki. Wasu antet ɗin suna zuwa tare da sikeli, wasu na injin ne da kansa, kuma na sikelin suna dogara da na injin. In ba a zuba na injin ba, ko an zuba amma ba a nuna wa kompilata dosiye, wato ma'ajiyar da suke ciki, ba, sai ya tsaya ya rubuta cewa bai ga stddef.h ba, ɗaya daga cikin antet ɗin injin. Daga nan ko an kwana ana dannawa ba zai motsa ba.

Mu ba mu taɓa ganin wannan saƙon ba a shekarun farko, saboda uwa. Wani malamin lissafi, aminin kawu, shi ya shirya ta kafin a mayar da shi Yamai. Ya zuba mata komai, ya nuna wa kompilata kowace hanya, bai rubuta ko layi ɗaya na yadda ya yi ba. Intanet a lokacin yana da tsada kuma yana yawan yankewa, don haka muka saba da hanya mai sauƙi: duk injin da za a kai ƙauye sai mu kwafe cikin uwa gaba ɗaya mu juye masa. Injina da na taubashina da duk waɗanda ke mangazu, 'ya'yanta ne.

Wannan bai kwanta mini ba. Na ce wa kawu abin da ba a rubuta ba ba namu ba ne, aro muke yi. Ya ce in ina da lokacin ɓatawa in rubuta. Na ɗauki wani inji na goge shi fes, na fara daga babu. Duk inda ya tsaya sai in nemo dalili, in rubuta, in sake goge shi, in bi takardata daga sama kamar ban san komai ba. Haka na yi ta yi tun daga bazara har ruwa ya sauka. Takardar ta fito doguwa. Da farko a zuba kompilata. Bayan haka a zuba antet na injin daga kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin inji, domin babu intanet a mangaza. Bayan haka a tambayi kompilata inda nasa dosiyen yake, don wurin yana canzawa daga inji zuwa inji. Sannan a rubuta wannan hanyar a fishiyen da inji ke karantawa in ya tashi. Sannan a rufe tagar umarni a sake buɗe ta, in ba haka ba bai san an rubuta ba. Sannan a gwada da wani ɗan fishiye na layi kaɗan. Sai in gwajin ya wuce za a gina gada, a jona sikeli. A ƙarƙashin kowane mataki na rubuta abin da ya kamata mutum ya gani a allon injin, da abin da zai yi in bai gani ba. A ƙasa na sa sunana.

Taubashina ya ɗaga takardar yana auna ta a hannu.

"Bawa, wannan ai sai an hau da ita kan sikeli. Wa zai karanta?"

"Wanda yake son injinsa ya tashi."

"Nawa ya tashi ban karanta ba."

"Naka ɗan uwa ne. Ya gada."

"To, gado haramun ne?" ya ce, yaran fotokofi suka yi dariya.

Da kaka ta zo, wani furoje na tallafa wa manoma ya ba ƙungiyar manoman Takieta sababbin injina, ƙanana, na wani ƙira daban. Kwafin uwa ba ya tashi a kansu, kuma gadar da aka gina a kan tsohon inji ba ta aiki a cikinsu. Ƙungiyar tana da sakatariya, wata mata mai natsuwa da ta yi kwas a nan Zinder, kuma ta ce in an aiko mata da takarda da kile za ta shirya injin da kanta. A makon ina Droum, ɓera ya cinye wayar sikelinsu. Kawu ya ce wa ɗansa ya buga takardata ya aika.

Abin da ya yi daga baya na sani, shi da kansa ya ba da labari yana alfahari. Ya ga tsawon takardar ya ce ba zai ɓata tawada ba. Ya zauna gaban injinsa, ya cire matakin antet ya gwada, gada ta ginu. Ya cire matakin nuna hanya ya gwada, ta ginu. Ya cire rufe taga da buɗewa, ya cire gwaji, kullum tana ginuwa, domin injinsa ya zo duniya da waɗannan abubuwan a cikinsa. Ya mayar da takardar fuska ɗaya. Tunda matakin antet ya fita, bai sa antet ɗin a kile ba. Abu ɗaya ya bari bai taɓa ba, sunana a ƙasa.

Ranar karɓar wake a Takieta, amalanke sun yi layi daga bakin mangaza har titi. Sakatariyar ta bi takardar yadda aka rubuta, injin ya ce bai ga stddef.h ba. Ta sake, ya sake faɗa. Rana ta take, jakuna suna kuka, manoma suka fara cewa dama ba a ba mace inji. A ƙarshe aka ɗauko tiya, kwanon awo, aka koma awo da hannu, aka yi ta gardama a kan kowane buhu. Shugaban ƙungiyar ya kira kawu a waya, ya karanta masa sunan da ke ƙasan takardar.

Washegari taubashina ya ɗauki wani tsohon inji daga ɗakin gyara, mai ɗauke da kwafin uwa, ya hau mota zuwa Takieta, ya jona, sikeli ya yi magana. Aka lulluɓe sababbin injinan da zane aka tura su lungu. Ya dawo da kaji biyu da aka ba shi kyauta.

Na dawo daga Droum na tarar da kawu zaune a rumfa, ba a ɗakinsa ba. A gaban yaran fotokofi da masu jiran takardu ya miƙo hannu.

"Ba ni makullin ɗakin ciki."

Na ba shi, na tambayi dalili. Ya nuna mini takardar. Ina ganin ta na gane.

"Kawu, wannan ba tawa ba ce. An datse ta. Tawa tana cikin uwa, ku ba ni izini in buɗe muku yanzu ku gwada su."

"Sunan wa ke ƙasa?"

"Nawa. Amma ku tambaye shi abin da ya cire."

Taubashina yana jingine da ƙofa yana cin gyaɗa. "Surutu na cire, Baba. Na gwada a gabanka, ta yi aiki ko ba ta yi ba? Bawa ne dai, in ya yi ɓarna sai ya ce ubangidansa."

Kawu ya ce ya gani da idonsa ta yi aiki, kuma shi ba ya shari'a tsakanin taubasai. Ya ce daga yau aikin ƙauyuka na ɗansa ne, ni in zauna a rumfa. Bai yarda ya duba doguwar takardar ba, ko sau ɗaya.

Na je wurin mahaifiyata da yamma. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗan yayana ne. Wasa ne tsakaninku tun kuna tsirara. Kada in ji ka kai ƙararsa ko'ina."

"Inna, sunana aka karanta a Takieta."

"Suna ba ya karyewa. Ci abinci."

Na ci abincin. A hanyar gida na yanke shawarar abin da zan yi, na kuma jera shi kamar yadda na saba jera komai.

Da farko na yi shiru. Na zauna a rumfa ina buga takardun neman aiki da katin biki, ina hure madannai da buroshi. Mutanen Takieta in sun shigo gari sukan leƙo su gaishe da taubashina, su dube ni su kau da kai. Ban ce da kowa komai ba. In ya wuce ya ce, "Bawa, a kawo shayi," sai in kawo, in tsaya har ya kurɓa.

Bayan haka na fara yabonsa. Duk wanda ya tambayi aikin sikeli sai in ce ai gwanin yana ciki, shi da fuska ɗaya ta takarda yake tayar da inji. Maganar ta yi masa daɗi har ya fara maimaita ta da bakinsa. Ya sa aka manna gajeriyar takardar a bango, ya goge sunana da alƙalami ya rubuta nasa a kai. Ranar da na ga haka na yi sallar la'asar da natsuwar da na daɗe ban samu ba.

Sannan na juya kan tsofaffin injina, don kada ya sake samun wanda zai rufa masa asiri kamar a Takieta. Saura ɗaya ne a ɗakin gyara wanda ke ɗauke da kwafin uwa kuma babu mai shi. Malamin islamiyyar unguwarmu ya daɗe yana roƙon kawu inji don rubuta sunayen ɗalibai. Na tuna wa kawu, na ce azumi ya kusa. Ya ce na yi tunani mai kyau, aka goge injin aka kai. Islamiyyar tana amfani da shi har yau, kuma ina fatan kawu ya sami ladansa.

Abin da nake jira shi ne aikin garin Zermu. Na san furojen da ya ba Takieta injina zai ba su su ma, domin ni nake buga wasu takardun ƙungiyarsu a rumfa. Na kuma san mutumin furojen ya ji haushin ganin injinansa a lulluɓe a Takieta, ya ce a Zermu sai an tayar da sabon inji a gabansa da gaban kwamiti kafin ya sa hannu. Da shugaban ƙungiyar Zermu ya zo, wani dattijo mai jan rawani, na ce masa ya nemi ɗan kawu da sunansa, kada ya yarda da kowa.

Ana gobe tafiya na sami kawu na ce, "Kawu, kayan da yawa. Ku bar ni in bi ku in ɗauki jaka."

Taubashina ya tafa hannu. "Ka ji bawan kirki. Ka zo, amma a bayan mota za ka zauna, da kaji."

Na zauna a baya. A aljihun rigata akwai kilena, da antet ɗin a ciki, da doguwar takardar a naɗe.

Mun isa Zermu da hantsi. An share gaban mangaza, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata rumfar kara. 'Yan kwamiti sun zauna, mutumin furoje yana kan kujera da takardunsa a cinya, kawu kusa da shugaba. Manoma sun kewaye, an ajiye buhun wake ɗaya kusa da sikeli don gwaji. Na sauke kaya, na jona batir da wayoyi, na koma gefe na tsuguna.

Taubashina ya ɗaga takardarsa sama, wadda ya ciro daga bango, ya nuna wa jama'a. Ya ce kafin shayin nan ya huce sikeli zai yi magana. Ya zuba kompilata, ya ba da umarnin gina gada. Injin ya yi ɗan tunani ya rubuta cewa bai ga stddef.h ba.

Ya yi murmushi ya sake. Ya kashe injin ya kunna ya sake. Ya ce batir ne, aka canza. Ya ce zafi ne, wani ya kawo mafici yana yi wa injin fifita. Ya buɗe nasa injin na hannu, ya gina gadar a can, ta ginu, ya nuna wa mutumin furoje. Mutumin ya ce ba wannan injin ya kawo ba. Ya kwafo gadar ya zuba a sabon, sabon ya ƙi ta. Shayi ya huce, aka dafa wani. Gumi ya jiƙa masa bayan riga har ana ganin singileti.

Ya matso kusa da ni kamar zai ɗauki waya a jaka, ya yi ƙasa da murya. "Kai, mene ne wannan abin da yake nema?"

Na amsa da muryar da na baya za su ji. "Ranka ya daɗe, ni za ka tambaya? Ni jaka na ɗauko."

Shugaba ya juyo. "Yaro, me ya ce maka?"

"Alhaji, yana tambayar bawansa inda ya ajiye hankalinsa. Na ce tun a Zinder ban ga an sa shi a kaya ba."

Wani ɗan kwamiti ya ɗaure fuska. Shugaba ya dubi kawu ya ce, "Mene ne tsakaninsu?"

Kawu ya ce, "Taubasai ne."

Dattijon ya kwashe da dariya har rawaninsa ya karkace, jama'a suka bi shi. Ya ce, "To, ai ba mai shiga. Ɗan mace, ci gaba."

Na ci gaba. Na ce ubangidana tun yana yaro haka yake, in an aike shi da saƙo uku sai ya zubar da biyu a hanya don ya riga kowa dawowa. Na ce a Takieta kaji aka ba shi, ina roƙon mutanen Zermu su ba shi ko ƙwai ne kada ya koma hannu wofi. Na ce a ƙara wa injin fifita, wataƙila kunya ce ta kama shi, bai saba ganin gwani ba. Kowace magana sai an yi dariya, wani tsoho har yana neman a maimaita masa. Taubashina ya tsaya a tsakiya yana washe baki, don ba shi da abin yi sai wannan. Da ya ɓata rai, da kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa ɗan namiji ya yi fushi da taubashinsa. Na dube shi yana dariyar dole, na tuna da rumfa da buroshi, ban rage ko ɗaya daga abin da na tanada ba.

Mutumin furoje ne ya tsayar da wasan. Ya dubi agogo ya fara tattara takardunsa, ya ce in ba za a iya ba zai nemi wani atiliye. Kawu ya kira ni da sunana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Za ka iya tayar da shi?"

"Kawu, ni ba zan taɓa shi ba. Aikin ƙauyuka nasa ne, ku kuka ba shi. Amma in ya zauna ya ɗauki alƙalami, zan faɗa masa abin da ya ɓace."

Na fitar da doguwar takardar na miƙa wa kawu, ba ɗansa ba. Na ce ya riƙe ta ya bi da ido. Na sa taubashina ya juya bayan tasa takardar. Na faɗi matakin antet, ya rubuta da hannunsa. Na ce, "Wannan yana cikin wadda Kawu ke riƙe da ita?" Kawu ya ce yana ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya cire shi?"

Ya yi ƙoƙarin wasa. "Bawa, ka cika..."

"Alhaji bai ji ba. Wa ya cire?"

"Ni na cire."

Na ba shi kilena ya zuba. Muka wuce zuwa tambayar kompilata inda dosiyensa yake, ya rubuta, na tambaya, ya amsa. Haka a kan rubuta hanyar. Da ya rubuta ta sai hannunsa ya yi sauri zai gina gada, na bar shi ya danna. Injin ya sake cewa bai gani ba, jama'a suka yi gunaguni, ya ɗago a firgice. Na ce, "Rufe taga a sake buɗewa. Shi ma wa ya cire?" Ya faɗa. Ya rufe ya buɗe, ya yi gwajin, gwajin ya wuce. Ya gina gada ta ginu. Aka ɗora buhun wake, nauyinsa ya fito a allo, mai buhun ya ce daidai da abin da ya auna a gida. Mutumin furoje ya sa hannu.

A hanyar dawowa doguwar takardar tana kan cinyar kawu. Da muka tsaya sallah a wani ƙauye ya ciro makullin ɗakin ciki daga aljihu ya miƙo mini. Ban karɓa ba.

"Kawu, ba a Zermu aka karanta sunana ba."

Ya mayar da makullin aljihu ya ce wa ɗansa ya shirya, ranar kasuwar Takieta za mu je mu uku.

Mun je. Na roƙi shugabansu ya tara 'yan kwamiti da duk manomin da ya zo kasuwa kuma yana cikin layin ranar karɓar wake. Taubashina ya tsaya ya faɗi abin da ya yi, a taƙaice, yana haɗawa da barkwanci. Inda ya tsallake na tuna masa. Aka janye zanen da ke kan sababbin injinan, aka hure su. Na ba sakatariyar doguwar takardar da kile, na ce wa kowa ya ja baya, har ni. Ta zauna ta bi ta daga sama, tana sa yatsa a kan kowane layi, tana duba allo ta ga ko abin da aka ce za ta gani ya fito. Ba ta tambayi kowa komai ba. Da sikeli ya yi magana ta juya ta dubi mutanen da suka ce ba a ba mace inji. Ta naɗe takardar ta sa a jakarta, ta tambaye ni ko zan ƙara wani layi a kan abin da za a yi in kile ya ƙi buɗewa. Na ce zan ƙara, kuma na ƙara. A nan gaban mangaza kawu ya sake miƙo makullin, na karɓa.

Labarin Zermu ya riga mu isa gida. Mahaifiyata ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"An ce ka tsayar da ɗan yayana gaban mutane ka yi ta yi masa tsiya."

"Wasa ne, Inna."

"An ce har gumi ya yi."

"Taubashina ne. Ke kika ce ba a fushi."

Ta ɗago ta dube ni, ta koma kan shinkafarta.

Gajeriyar takardar ta koma bangon ɗakin gyara, tana nan manne, da sunansa a ƙasa da rubutun hannunsa a baya. Ya so ya cire ta, na ce ai tasa ce, a bar ta inda ya sa. Duk wanda ya zo koyon aiki a atiliyen, kafin ya taɓa uwa sai na ba shi inji gogagge da kwafin wannan takardar, in bar shi har injin ya tsaya. In ya tambayi dalili sai in nuna masa sunan da ke ƙasa, in ce ya je ya tambayi mai ita, yana ɗakin farko. Bayan ya dawo nake ba shi doguwar.